Yadda muka yashe salanga muka gina fos a gidanmu na Bukoki

Gidan da marigayi mahaifinmu ya bar mana a Bukoki gidan haya ne, kuma tunda ni ne babban namiji da ke zaune a Yamai, ni ƴan'uwa suka ɗora wa kula da shi. Masu kwana a ciki, manya da yara, sun kai mutum 25. Salanga ɗaya ce tun ginin farko. Ruwan wanka da na wanki da na wanke-wanke kuwa duk bututu ɗaya yake bi ta gindin katanga ya faɗa gologo, wato ramin tara ruwan datti, a bakin titi. In gologon ya cika, yaran gida su kwashe da bokiti bayan isha'i su watsa a hanya. Haka layin gaba ɗaya yake yi, shi ya sa ba mai ganin baƙin wani.

Bayan damina ta ɗauke, ma'aikatan tsabta na meri, wato ofishin magajin gari, suka zagayo unguwa, suka bar mini sammaci a hannun wata ƴar haya. Na je da shirin biyan tara da ba da haƙuri. Matar da na tarar a ofishin ko murya ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Alhaji, dokar tsabtar jama'a tun 1993 ta hana zuba ruwan datti a titi, ba yau aka fara ba. Amma tara ba za ta busar maka da ƙofar gida ba. Ka yashe salangarka, ka sama wa ruwan wanka wurin zuwa a cikin filinka, mu dawo mu gani." Ta ba ni wa'adi, ta kuma ce in nemi wanda ya san aikin kafin in kira magini.

Wanda ya san aikin a cikin dangi yake, ɗan yayata ne da ya karanta harkar ruwa da muhalli a jami'ar Abdu Mumuni. Shi ya zaunar da ni ya warware mini zancen daga tushe. Yamai ba ta da manyan bututun ƙarƙashin ƙasa masu kwashe najasar gidajen gari zuwa matata guda. Kanibon da ke bakin kwalta don ruwan sama aka gina su. Saboda haka abin da ya fita daga gida, ko dai ya nutse a ƙasan gidan, ko mota ta kwashe shi, ko ya bi kanibo. Namu in ya bi, Gunti Yena yake gangarawa, kwarin nan da ya ratsa tsakiyar gari ya faɗa kogin Isa kusa da gadar Kennedy. Ya ce, "Kawu, kowane gida a garin nan shi ne matatar kansa, ko ya sani ko bai sani ba."

Da yasar salanga aka fara. Akwai masu yi da hannu, waɗanda ke zuwa cikin dare da shebur da bokiti da igiya, su haƙa rami a titi jikin katanga, su juye a ciki su rufe da ƙasa. Sun fi araha, kuma suna kwashewa har gindi. Sai dai ruwan farko mai ƙarfi ke tone abin da suka binne, ya raba wa maƙwabta. Muka nufi inda motocin yasa ke tsayawa. Na yi ciniki da wani direba dattijo a kan jika 20 kowane sawu, har na sa hannu aljihu, sai ɗan yayata ya ce, "Baba, ina za ku zubar?"

Direban ya dube shi ya yi dariya. Ya ce, "Yaro, tunda nake wannan aiki ban tuna wanda ya yi mini wannan tambaya ba. Mai gida so yake ƙofarsa ta daina wari, shi ke nan." Bai ɓoye mana komai ba. Akwai tashar da aka gina a bayan gari don karɓar irin wannan kaya, amma da nisa, gazuwal da tsada, kuma a ƙofa ana biya. Wanda ke son ya yi sawu da yawa a rana sai ya sauke a fili mafi kusa, ko a tsofaffin ramukan da aka haƙi marmara, ko a gefen kwari. Wasu manoma ma roƙo suke a zuba musu a gona kafin shuka. Na ƙara masa jika 5 a kowane sawu da sharaɗin tashar za a kai, kuma zan shiga gaban motar in bi su. Ya ce in dai hancina zai ɗauka, bismilla.

Da hantsi motar ta iso, tsohuwar kamiyo mai tanki, da direban da yaransa biyu. Suka fasa gefen dakalin salangar don tiyo ya samu shiga. Da farko injin ya yi ta ja ba gardama, tiyon yana rawa a tsakar gida, mata sun kwashe tukwane sun shige ɗaka. Can sai injin ya fara tari. Ɗaya yaron ya zaro tiyon, ya zura wani dogon ƙarfe mai ƙugiya, ya shiga fito da abin da shekaru suka tara: leda, tsumma, famfas ɗin jarirai, gorar roba, silifa ƙafa ɗaya, har da cokali. Ya tara su tsibi guda a kan tsohon kwano. Ƙasan ramin kuma ya daskare ya zama laka mai tauri, inji ba ya jan tauri. Sai da na sayi ruwa wajen ƴan garuwa aka kwarara, aka dama da dogon itace, aka bari ya jiƙa, sannan aka sake ja.

Da aka zo kusa da gindi, direban ya ce bari ƙaramin ya sauka da shebur ya ƙarasa. Ɗan yayata ya tsaya a bakin ramin ya ce ba a gidan kakansa ba. Iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, in ta yi yawa hanci ma daina jin ta yake yi, mutum ya yanke jiki ya faɗi, wanda ya bi shi don ceto shi ma ya tsaya a can. Akwai kuma wata marar wari mai kama wuta, don haka ko sigari ya hana a kunna kusa. Abin da tiyo bai ja ba muka bar shi, tunda ramin ma binne shi za a yi.

Tashar ba ta da injuna masu ƙara yadda na zata. Fili ne babba da kwatamai na siminti. Motar ta ja da baya ta buɗe bututunta, kayan suka bi ta wata raga ta ƙarfe wadda ke tare sauran leda da tsumma, wani ma'aikaci da dogayen takalman roba yana jan su da manjagara. Daga nan sai gadajen shanya, wato kwatamai masu faɗi marasa zurfi, an shimfiɗa tsakuwa a ƙasa, rairai a sama. Ana zuba lakar kaurinta bai fi santimita 20 zuwa 30 ba. Ruwan ya tsiyaye ta cikin rairai ya bi bututu, rana ta busar da saura. A zafin Yamai cikin mako biyu ko makamancin haka ta bushe ta tsattsage. Na je gadon da ya riga ya bushe na duba: baƙa ce, faifai-faifai, kusan ba wari. Na ce to ai wannan taki ne. Ɗan yayata ya ce taki ne, amma ba yau ba, domin ƙwayayen tsutsar ciki suna iya yin watanni, har fiye da shekara, ba su mutu ba. Sai an ajiye shi ya daɗe, ko an haɗa shi da shara mai ruɓewa ya yi zafi sosai, kafin ya dace da lambu.

Ruwan da ya tsiyaye shi ne ke shiga tafkuna, kuma a nan na fi daɗewa a tsaye, don ban taɓa tunanin rana da haƙuri kawai za su iya wannan aiki ba. Yadda ya bayyana mini tsarin, tafkin farko mai zurfi ne, mita 2 zuwa 5, ruwansa baƙi, ƙananan halittun da ba su son iska ne ke cin dattin a cikinsa. Na biyu ya fi faɗi, zurfinsa bai fi mita 2 ba, ruwansa kore saboda gansakuka. Gansakukar tana ba da iska da rana, wasu halittun su yi amfani da iskar su cinye sauran dattin. Na ƙarshe kusan mita 1 ne, don hasken rana ya ratsa shi ya kashe ƙwayoyin cuta. Ruwa yana yin makonni kafin ya gama bin su duka. Ba wutar lantarki, ba magani, sai fili mai yawa da mai gadi da mai yanke ciyawa don kada sauro ya samu mafaka. Ya ce jami'arsu ta yi gwajin irin waɗannan tafkuna da ruwan ɗakunan kwanan ɗalibai. Ya kuma gaya mini ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1989 na ruwan da za a ba kayan lambun da ake ci ɗanye: kada ƙwan tsutsa ya wuce 1 a lita guda, kada ƙwayoyin cutar najasa su wuce 1,000 a mililita 100. Na tuna da salati da shu da ake nomawa a gefen Gunti Yena, na tuna da ruwan da ake ba su, na yi shiru.

A hanyar dawowa muka taɓa hira da direban a kan kogi, ashe tsararrakin juna ne mu. Dukanmu mun ga watan Yuni na 1985, lokacin da kogin Isa ya daina gudu a Yamai, mutane suna tsallakawa Harobanda da ƙafa. Bayan wannan ne aka yi madatsa a Gudel don a riƙe ruwan sha. To matatun ruwan pampo na Gudel da Yantala duk a sama suke, kafin kogi ya iso tsakiyar gari. Mu muna ɗiba daga sama, muna zubarwa a ƙasa. Masu karɓa su ne masu lambun Gamkalle, da masu shinkafar Saga, da masunta da masu wanki har Kollo da Say da Gaya, kafin ruwan ya shiga Najeriya. Lokacin da kogi ya cika, dattin yana ɓacewa cikin yawan ruwa, ba a gani. A watan Mayu da Yuni kuwa kogi ya janye, amma abin da gari ke zubarwa bai ragu ba. In kuma ruwa ya yi yawa wata masifar ce: a Satumban 2020, da kogi ya kai santimita 700, ruwan da ya shiga Lamorde da Kirkisoy da Saga bai bar salanga ko ɗaya a rufe ba. Shekarar da ta biyo baya kwalara ta kama mutum fiye da 5,000 a ƙasar nan. Hedikwatar hukumar ƙasashe 9 masu raba wannan kogi a Yamai take, mu ne masu masaukinta.

Sai gini. Maginin da na ɗauko tsohon hannu ne, rabin salangogin unguwar shi ya yi su. Shawararsa a haƙa rami mai zurfi har a taɓo danshi, a jera bulo ana barin ƴan ƙofofi, ƙasan kuma a bar shi a buɗe. Ya ce, "Alhaji, in na yi maka haka, har jikokinka ba za su kira mota ba." Gaskiya ya faɗa. Amma ramin da mutum 25 ke zuba wa kullum bai cika ba, ai wani wuri yake kaiwa, kuma wurin shi ne ruwan ƙarƙashin ƙasa da rijiyar maƙwabcinmu da foraj ɗin masallaci ke ja. Sun daɗe suna jayayya shi da ɗan yayata, tsoho yana cewa takarda ba ta gini, yaro yana cewa "Baba, ku yi haƙuri" yana ƙara zana abu a ƙasa da tsinke. Ni na raba gardamar da cewa kuɗina ne, kuma fos nake so, wato ramin tara najasa na siminti mai rufaffen gindi.

Girmanta daga takardar kuɗin ruwa muka fitar. Gidan yana shan kusan mita kubik 30 a wata, wato lita 1,000 a rana. Ana so ruwa ya yi kwana biyu a ciki kafin ya fita, lita 2,000 ke nan. Sai wurin lakar da za ta taru, yaron ya lissafa lita 40 ga kowane mutum a shekara, na shekara uku lita 3,000. Aka tsaya a kan tsawon mita 3, faɗin mita 1.2, zurfin ruwa mita 1.5. Aka raba ta biyu da bango, ɗakin farko mita 2, na biyu mita 1. Aikinta kamar yadda mata ke barin gasara ta kwanta ne: mai nauyi ya sauka ƙasa, mai da kumfa su taso sama, ruwan tsakiya kaɗai ke wucewa ɗaki na biyu ta wata ƙofa da aka bari a tsakiyar bangon. Lakar da ta kwanta tana ruɓewa a hankali tana raguwa.

Ƙananan abubuwa ne suka fi cin lokaci. Bakin bututun shiga da na fita duk an sa musu mahaɗi mai kai uku, ƙafarsa ta nutse cikin ruwa, don kada mai shigowa ya dama abin da ya kwanta, kada kuma kumfan sama ya bi mai fita. Na fita an sauke shi ƙasa da na shiga da faɗin tafin hannu. Maginin da farko daidai ya sa su, sai da aka fasa aka gyara, yana ƙunƙuni. An yi shafe biyu a ciki da siminti mai ƙarfi, aka cika ta da ruwa, aka yi alama da alli, aka bari ta kwana. Da safe ruwa yana kan alama. Nan tsohon ya ɗan saki fuska, don shafensa ne aka yaba. Aka zuba dakali da murfi biyu, kowane ɗaki da nasa, aka kafa bututun iska ya wuce rufin makewayi, aka ɗaure masa raga a baki saboda ƙuda da sauro. Kafin a fara amfani da ita aka zuba ƴan bokitai na tsohuwar laka don ruɓewar ta kama da wuri.

Ruwan da ke fita daga fos ba tsarkakakke ba ne. Idonka zai ga ya washe, amma ƙwayoyin cuta suna nan. Ƙasa ce ke ƙarasa aikin, shi ya sa ramin tsotsewa yake da nasa sharuɗɗa. Muka haƙa ɗan rami na gwaji muka cika shi da ruwa, muka ga ƙasar tana sha ba laifi. Muka roƙi maƙwabci ya bari mu zura igiya a rijiyarsa, ruwa yana wajen mita 9. Ƙa'idar ita ce gindin ramin ya bar aƙalla mita 2 tsakaninsa da ruwan ƙasa, ya kuma nisanci rijiya da mita 30. Na farko ya samu cikin sauƙi, don ramin mita 2.5 muka yi. Na biyu da ƙyar, sai da muka kai shi can kusurwar gidan ta gabas, aka tayar da akurkin kajin wata ƴar haya, abin da har yau ba ta gama yafe mini ba. Aka cika shi da duwatsun marmara, manya a ƙasa, tsakuwa a sama, aka rufe.

Wurin wanke-wanke aka yi masa ɗan akwatin siminti mai murfi, da kwandon raga a ciki, don ya tare mai da tsakin abinci kafin ruwan ya wuce. Mai ne ke toshe ramin tsotsewa, ya like ƙofofin ƙasa, shekara ɗaya ka ga ruwa ya dawo tsakar gida.

Bututu da ƙarfe da raga duk a Katako na saye su. Da aka haɗa siminti da bulo da ladan magini da kuɗin mota, abin ya haura jika 600, daga kuɗin haya aka cire. Ƙanwata da ke aure a Tawa ta bugo waya ta ce, "Yaya, rami kuka gina ko ɗaki?" Na ce ɗaki biyu ne ma, sai dai ba a ba da su haya. Ba ta yi dariya ba.

Matar meri ta dawo da abokin aikinta, suka ɗaga murfi, suka duba inda gologo yake a da, yanzu an cike shi an dabe. Ta tambayi inda aka kai yasar, na nuna mata rasit ɗin ƙofar tasha. Ta ce ba kasafai take ganin wannan takarda ba.

Ni dai ra'ayina, siminti ne ɓangare mai sauƙi. Fos ɗin da ba a yashewa, in laka ta cika ta, bututu ce kawai, abin da ya shiga haka zai fita. Wadda aka yashe kuma aka zubar a gefen kwari, an biya kuɗi ne don a kai dattin kogi da mota maimakon ya bi kanibo. Muddin sauke kaya a fili ya fi wa direba riba, a fili zai sauke, kuma ban ga laifinsa shi kaɗai ba. Garin da ya miƙe tun daga Gudel har Saga tasha ɗaya ba za ta ishe shi ba, kuma ruwan Gunti Yena kansa yana buƙatar tafkuna kafin ya taɓa kogi. Wannan ba aikin mai gidan haya ba ne.

Abin da ke hannuna shi ne ƴan haya. Na tara su na kafa doka: ba famfas, ba leda, ba tsumma, ba juye ruwan jabel da yawa a masai, don yana kashe halittun da ke ruɓar da lakar. An ajiye tsohon duro mai murfi a bakin makewayi. Kowane ɗaki yana ba da dala 100 a wata, ana tarawa wajen dattijuwar gidan don kuɗin mota, har da ƙarin da za a ba direba. Duk bayan wata shida nakan ɗaure farin tsumma a dogon gora in zura ɗakin farko har ƙasa, inda baƙin ya tsaya nan lakar ta kai. In ta kusa rabin zurfin ruwa za a kira mota.

Rigimar da ta rage ta akwatin mai ce. Akwai mai ƙosai a gidan, kaskonta kaɗai ya fi na sauran duka maiƙo, kuma akwatin yana son kwashewa kowane mako. Sauran matan suka ce ita za ta riƙa yi, ita ta ce ai kowa yana miya. An tsaya a kan ita ta ɗauki mako biyu a wata, sauran ɗakunan su raba biyun da suka rage, kuma ranar Juma'a da safe ake yi kafin a ɗora tukunya.